Baƙin Alƙalamin Hajiya Aminat

Mitchellville, Maryland
Asabar, 12 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Sailuba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Imrana da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina ɓoye maganin a ƙarƙashin filo, labari ya iso har Amurka.

Ki yi haƙuri da wannan rubutu a karkace, a kan cinya nake yin sa. Yanzu haka Hajiya Aminat magana take yi mini, ni kuma ina gyaɗa kai ina rubutu, ta ɗauka bayaninta nake ɗauka. Har ta yaba mini a gaban jama'a, wai a ga amfanin mai digiri biyu. In na gama zan ɗauki hoton takardar in turo miki, tunda kin san ni da saƙon murya ba ma shiri.

Bari in fahimtar da ke inda nake. Na sha gaya miki 'yata Hidaya ba ta zuwa makarantar gwamnati. A nan doka ta yarda ka koyar da ɗanka a gida, muddin akwai ƙungiya mai rajista da ke sa ido. Tamu ƙungiyar ta 'yan gidajen Najeriya ce, Musulmi da Kirista, kowa na koyar da abin da ya iya. Hajiya ce shugaba, ita ke da rajistar, ita ke da ƙaton ɗakin ƙarƙashin ƙasa da muke taruwa a ciki. Madam Constance, nas ce 'yar Jos, ita ke da kemistiri. Adabi nawa ne. Amma bara da Tahir ya rasu na shiga takaba, sai Hajiya ta riƙe mini ajin. Da na dawo na tarar da littattafan, sai na ga kamar an yi gobara a cikinsu.

Ashe alƙalami ta samu, baƙi, mai ƙaton baki, ta bi shafi shafi. Inda saurayi ya riƙe hannun budurwa, baƙi. Inda wani ya yi zagi, baƙi. Inda aka mutu, baƙi ƙirin. Madam ta taya ta. Mutanen nan biyu ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, har yawan barkonon dafa-duka sai sun yi musu, amma a kan alƙalamin nan bakinsu ɗaya. Da gwamnati ta san da wannan sirri, da tuni ta raba alƙaluma a Jos da Kaduna an huta.

Abin da ba su sani ba, da zarar sun juya baya yaran ke ɗaga shafin su kara a taga, su karanta abin da ke ƙarƙashin tawadar. Tun da nake koyarwa ban taɓa ganin ɗalibai sun yi karatu da naci irin wannan ba.

To, zaman yau na zaɓen manhajar adabi ta baɗi ce, ta 'yan sakandare. Hajiya ta kawo wani akwati daga wani kamfani a kudancin ƙasar nan. Littattafansa tun daga masana'anta aka wanke su, ba sai an sayi tawada ba. Na duba ɗaya. Mutum yana tari a ƙarshen babi, a farkon na gaba har an raba gado. Ni kuma na kawo nawa, cikakku, na nan da na gida, har da na Hausa guda wanda zan riƙa karanta musu ina warwarewa. An ce wata mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a.

Kin tambaye ni Hidaya. Tana ci, tana barci, tana cin jarrabawa. Na yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci, kamar kullum. Amma tun ranar da Tahir ya rasu ba ta ƙara cewa Baba ba, da kowane harshe.

Ga Hajiya nan ta nufo ni da farantin cincin. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Habibatu


Germantown, Maryland
Alhamis, 1 ga Mayu

Yaya Sailuba,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin autanki ya sauka, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, sai atishawa, don itatuwan garin nan duk sun yi fure lokaci guda.

Na ji saƙonki har ƙarshe, har da inda kika tsaya kina yi wa mai kayan miya faɗa. Kin ce in bi a hankali, mace ce ni, ni kaɗai a ƙasar mutane. Kin yi gaskiya, kuma ban manta ba. Mijin Hajiya ne ya tsaya a kan jana'izar Tahir. Madam ce ta riƙa taso wa daga aikin asibiti ta biya ta wani kanti a garin Wheaton ta sayo mini kuka da daddawa, don ta ga ba na iya cin komai sai tuwo. Ba miyagu ba ne, Yaya. Da miyagu ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Amma ji abin da ya faru jiya.

Littafin da ake kai yanzu labarin wata yarinya ne da mahaifinta ke tuƙa jirgin fito. A tsakiyar littafin ya rasu, kuma Hajiya ta shafe shafi biyu cur. Ta ce mini don Hidaya ta yi, kada a tayar mata da hankali. Yaran na karantawa a bayyane bi da bi, in an zo baƙin wuri sai a tsallake. Hajiya na zaune a gefe da nata kwafin mai tsabta, tana gadi.

Layi ya zo kan Hidaya daidai wurin. Ba ta tsallake ba. Idonta na kan baƙin shafin, muryarta ba ta canza ba, ta ci gaba kamar rubutu take gani. Ta karanta yadda yarinyar ta zauna a barandar asibiti kusa da injin sayar da lemo mai ƙara kamar sauro. Yadda wata nas ta fito ta miƙa wa uwar leda, a ciki akwai katin shaidar aiki na gidan rediyo da takalma ruwan ƙasa, dunduniyar na hagu ta cinye. Yadda mata suka cika gidan, kowace ta dafa kan yarinyar ta ce sai haƙuri. Yadda ta ji wata na gaya wa ƙananan yara wai Baba ya yi tafiya. Sai ta ce yarinyar ta so ta tambaye su, wace irin tafiya ce mutum zai yi ya bar takalmansa a leda?

Yaya, matuƙin jirgin fito ba ya da katin gidan rediyo.

Rachel, 'yar Madam, wadda ita ce aminiyar Hidaya, ta kifa kai a tebur tana kuka. Sauran yaran ko motsi. Hajiya kuwa sai juya shafukan kwafinta take yi, gaba da baya, tana neman inda wannan ya tsere mata. A wata rana da na yi dariya.

Muka kama hanyar gida a mota, muka hau titin 270, muka shiga cunkoson yamma. Can sai na ji ta ce, da Hausa, da wannan harshen nata mai lanƙwasa kamar na Baturen mishan: “Mama, takalman Baba suna ina?” Na ce suna cikin kabad ɗina. Da muka isa gida ta ɗauko su, ta fitar da su daga ledar, ta ajiye a bakin ƙofa, inda suke zama dā. Suna nan har yanzu. Da safe na kusa tuntuɓe da su, kamar yadda na saba, har na buɗe baki zan yi masa mita.

Hajiya ta kira ni da daddare ban ɗauka ba. Na san me za ta ce, kuma na san da tausayi za ta faɗa.

Ki yi mana addu'a. Kada ki gaya wa Inna tukuna, sai ta ce a turo mata yarinyar.

Taki,
Habibatu


Germantown, Maryland
Lahadi, 18 ga Mayu

Yayata Sailuba,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya ruwan farko? Na ji daɗi da Inna ta fara takawa har tsakar gida. Ki ce mata Hidaya na gaishe ta, kuma wannan karon ba ni na ƙirƙira ba.

An kaɗa ƙuri'a jiya. Na sha kaye, kaye mai kyau, irin wanda ba a zuwa kotu.

Hajiya ta buɗe taro da addu'a, Madam ta rufe addu'ar da tata, sannan suka juyo kaina. Hajiya ta ce, “Maman Hidaya, ke ma kin gani da idonki. Wannan fa bayan an shafe ke nan. Ina ga ba a shafe ba?” Madam ta ce ita nas ce, ta san ciwo, ba a sosa shi. Na ce mata, Madam, a duk shekarunki a asibiti, ƙurji nawa kika warkar da baƙin fenti? Ta ce wannan ita ce matsalar 'yan adabi, komai sai sun mayar da shi magana. Na ce ai sana'ar ke nan.

Na gaya musu shekara guda yarinyar nan tana yawo a cikinmu da wannan abu a ƙirji, mu duka muna yaba mata haƙuri. Ba ta samu inda za ta sauke shi ba sai da littafi ya kai ta bakin wurin. Akwatinsu ba zai taɓa kai ta can ba, don an yi shi ne musamman domin ya kewaye. Suka saurare ni da ladabi, kamar yadda ake sauraron mai zazzaɓi. Aka ce masu son akwati su ɗaga hannu. Duk suka ɗaga, ban da Mista Dalyop, mijin Madam, wanda a daidai lokacin wani muhimmin abu ya taso a wayarsa.

Dokar ƙungiya ita ce duk wanda ke ƙarƙashin rajistar manhaja ɗaya zai bi. Na san da haka, shi ya sa tun ranar Juma'a na zaunar da Hidaya na faɗa mata farashin, ban rage komai ba. In muka fita, babu ajin Laraba, babu zama kusa da Rachel, ni zan riƙa ɗaukar ayyukanta ina kai wa jami'in ilimi na gunduma ya duba, kemistiri kuwa sai dai mu nemi kwalejin unguwa, don ni abin da na sani a ciki bai wuce gishiri ba. Na ce in ta ce mu zauna, zan koyar da akwatin nan ba tare da na yamutsa fuska ba. Ƙarya nake yi game da fuskar, amma da gaske nake game da zaman.

Sai ta tambaye ni ko a kwafin laburare na littafin mai jirgin fito mahaifin yana mutuwa sosai. Na ce sosai, shafi biyu. Ta ce tana so ta ga ko marubucin ya faɗa daidai.

Don haka da aka sauke hannuwa na miƙe na tattara littattafaina. Hajiya ta biyo ni har saman bene, idonta ya kawo ruwa, tana cewa, “Haba ƙanwata, wa kike da shi a garin nan in ba mu ba?” Tambaya ce mai kyau, Yaya. Na durƙusa na yi mata godiya a kan jana'iza da duk abin da ya biyo baya, don ta cancanta. Na ce gidana a buɗe yake gare ta, da Madam, da Rachel. Sannan na ce 'yata ba za ta ƙara karatu a jikin taga ba.

Hidaya na cikin mota, littafin laburare a cinyarta, yatsanta a tsakiya. Ta sauke gilashi ta ce, “Mama, mu tafi.”

Ba zan ɓoye miki ba, na so in buga ƙofar gidan Hajiya yadda duk Mitchellville za ta ji. Na ja ta da ƙarfina. Ashe irin ƙofofin masu kuɗin nan ce, da wani ƙarfe a sama mai riƙe ta. Sai ta bi a hankali, da natsuwa, kamar 'yar kwamiti, ta rufe kanta ƙit. Ban tsaya ba, na riga na kai mota.

Ki gaida Malam Imrana da yara. Yanzu kya iya gaya wa Inna.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Habibatu