Wa Zai Karɓi Baba a Baƙi'a

Asabar, 7 ga Maris 1981

Kamfanin mai ya ɗauke ni. Ba aikin ofis ba ne, a kan ruwa ne: jirgin da ke haƙa rijiyar gwaji a Bahar Maliya, can gaba da garin Yanbu. Injiniyan da ya yi mini tambayoyi ya ce zurfin ruwan wurin ya wuce mita dubu kafin ma a taɓa ƙasa. Sai da na sa ya maimaita. Wata guda a kan jirgi, sannan hutu. Suna son amsa kafin ƙarshen watan nan.

Ban faɗa a gida ba. Ƙafafun Baba sun ƙara kumbura.

Litinin, 9 ga Maris

Na faɗa, kuma a mugun lokaci. An ɗauke wuta a unguwarmu ta Al-Sih, a nan Madina, tun bayan azahar, fanka ta tsaya, Umma tana yi wa Baba fifita da kwali. Na ce idan aka samu iskar gas a can, da ita za a riƙa tayar da injinan lantarki, wannan ɗauke wutar ta ƙare. Umma ta ce, "To ka je ka kawo mana wutar, mu muna nan."

Abin da na faɗa ba daidai ba ne gaba ɗaya. Rijiyar gwaji ce, ana iya haƙawa a tarar babu komai. Ko an samu, sai an yi shekaru kafin ta iso gidan kowa. Na san haka lokacin da nake maganar.

Baba tambaya ɗaya ya yi. "Abdulrauf, in an kira ka, za ka iso kafin salla?"

A Madina ba a jiran kowa. Wanda ya rasu da hantsi, bayan azahar an sallace shi a Harami, an wuce da shi Baƙi'a. Don wannan makabarta Baba ya baro ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Sudan. Tun ina ƙarami yake cewa ni zan shiga kabari in karɓe shi, tunda ni kaɗai ne ɗansa namiji.

Alhamis, 12 ga Maris

Na je titin Sultana na buga wa kamfanin waya. Ga yadda abin yake: a kira ofishinsu na Yanbu, su yi wa jirgin magana ta rediyo, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko ni idan iska ta bari, daga nan mota zuwa Madina. Na juya lissafin ta kowace fuska. Idan abin ya faru da asuba, kuma komai ya tafi daidai, wataƙila in riski la'asar. Azahar kam babu.

Mutumin da ya ɗauki wayar ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, me ya sa kake irin wannan lissafi?"

Juma'a, 13 ga Maris

An binne Malam Sabo maƙwabcinmu. Ɗansa yana karatu a Masar. Baƙi ne suka shiga ramin.

Talata, 17 ga Maris

Asibiti. Na tambayi likita wata nawa. Ya ce zuciya ba ta ba da rana, zai iya kai shekaru, zai iya zama gobe. Na ce ko da kimantawa ne. Ya kalle ni kamar na zage shi.

A tasi ƙanwata Sakinatu ta ce, rabi da Larabci kamar kullum, "Halas, shi ke nan, ya Abdu, ka zauna ka tsare shi da agogo a hannu. Shekara biyar ta karatu ka zuba ta a kwandon shara." Na ce ke ba ke aka ɗora wa ba. Ta ce ai ita ko ƙofar Baƙi'a ba za a bar ta ta wuce ba, kuma ita ce ke wanke masa ƙafa.

Asabar, 21 ga Maris

Na yanke shawara zan ce wa kamfanin a'a. Ban buga wayar ba tukuna.

Laraba, 25 ga Maris

Bayan la'asar Baba ya sa aka kira Ɗanmusa, mijin Sakinatu, daga shagonsa na ɗinki. Ya zaunar da shi kusa da ni, ya kama hannunsa ya jujjuya. Ya ce, "Wannan hannun ya fi ƙarfi. Ɗanmusa, kai za ka shiga ka karɓe ni. Ka kwantar da ni a hankali, ka san bayana." Ɗanmusa ya ce, "Baba, ga Yaya nan zaune." Baba ya ce, "Shi rawar jiki gare shi, sai ya tsaya auna ramin." Umma ta yi dariya, sannan ta tashi ta fita.

Baba bai kalle ni ba ko sau ɗaya.

Alhamis, 26 ga Maris

Na buga musu waya na ce e. Na sayi takalmin aiki a Sultana, ya ɗan matse ni, mai shagon ya ce zai saki.

Ya kamata a ce raina ya ɓaci, an karɓe mini abin da yake nawa. Ina ta jira in ji hakan. Da rana na ci tuwo har na ƙara, Baba yana kwance yana kallona, ya ce wa Umma ta ƙaro mini miya. Na ci.