Yatsu Bakwai a Jirgin Baba Kombo

Yaya Zuhura,

Salamu alaikum. Yaya jikin Mama? Mijinki har yanzu yana tsoron kyankyaso? Ni lafiya lau a Kilwa.

Jiya na fara hawa jirgin ruwa mai tafiya da iska. Mai jirgin, Baba Kombo, zai ɗauke ni aiki idan na ci gwaji. Ba a hawa da takalmi, amma na ƙi cire na sojana. Na ce, "Baba, warin zai kashe maka kifi."

A tsakiyar teku iska ta juya, jirgi ya karkace, ruwa na shigowa. Ya daka tsawa, "Mrisho, hau katakon gefe ka danne!" Na hau, takalmi ya zame, na rataye da hannu ɗaya, ga shi ban iya iyo ba. Da aka jawo ni, da kaina na cire shi.

Yaya, tun da na dawo daga bakin daga, yatsun ƙafafuna bakwai ne suka rage. Ba sa ciwo sosai.

Baba Kombo ya duba, ya ce, "Bakwai ma suna riƙe katako. Koma!" Na koma, jirgi ya daidaita.

Ki aiko min man zafi. Kada ki gaya wa Mama, da bakina za ta ji.

Ƙaninki,
Mrisho