Kanwar Inna

Minna, 1955

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya ƙafarki? Yaya 'yata Kyauta, yaya shanu? Ni da sauƙi, ina iya zama, sai dai na bar aikin reluwe.

Ciwon nan bakkale ne, irin wanda ke sa shanu ɓari. Likita ya ce a ɗanyar madara na ɗauka. Allurar da ake mini tana da ƙarfi, amma ƙwayar cutar ta ɓuya a lungun jiki mai tsami, tsami kuwa yana dakushe maganin.

Da na ji haka sai na tuna yadda kike kashe tsamin yakuwa. Na jiƙa kanwar da kika ƙulle mini, na yi ta sha har cikina ya ɓaci. Likita bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Maliki, kanwa ba ta kaiwa can." Na tambaye shi me ke kaiwa, sai ya wuce gado na gaba.

Don Allah ku riƙa tafasa madara. Allah ya ƙara miki lafiya. In Kyauta ta tambaya, ki ce zan zo da damina. Kada ki ce mata wace damina.

Ɗanki,
Maliki