Jatan Landen Da Na Ci

Zuwa ga Baban Liyema, Jola nawa, inuwata a ranar zafi, sanyin kogin Mzimvubu da nake ji a maƙogwaro ko daga nan Ostireliya. Ga gaisuwata, ita kaɗai ce ta tsallake teku ba wanda ya tambaye ta biza.

Mama ta faɗa min takardar 'yan sanda da ake buƙata don bizarka ta fito, kuma sunanka na cikin masu laifi. Ta ce tun ranar ka daina cin abinci, wayata ma ka daina ɗagawa. Kunyar wa kake ji, hasken idona? Tawa? Ni da na suɗe yatsuna da laifin nan?

Ka tuna watan Disambar da nake ɗauke da cikin Liyema, komai na sa a baki sai ya dawo, har tuwon masarar Mama. Na ce jatan lande nake so, manyan nan na cikin duwatsun teku. Ka ce an rufe kamu, lokacin ƙwansu ne. Na juya maka baya na yi ta kuka kamar yarinya. Kafin hantsi ka shiga ruwa. Mai gadin gaɓa ya kama ka da buhu a hannu, bai ga guda biyun da ka cusa a riga ba. A caji ofis aka ce ka biya tara ka sa hannu ka tafi gida, ko ka jira kotu. Duk garinmu wa bai taɓa biyan irin wannan tarar ba? Mun ɗauka kamar kuɗin mota ne, ka biya ka wuce. Ba mu san sa hannun nan amsa laifi ba ne, kuma yana bin mutum shekara da shekaru. Ka dawo jiƙe sharkaf kana dariya, ka gasa min su a bayan ɗaki. Har yau ban ci abin da ya kai su daɗi ba.

Na ji kuma shawarar ɗan'uwanka Siphelo, dillalin biza na Mthatha. Wai cewa ya yi, "Yaya, inda takardar biza ta tambayi ko ka taɓa laifi, rubuta babu kawai. Wane Bature ne zai bar aikinsa ya binciki kifin ƙauye?" Siphelo da bai taɓa wuce tashar mota ba! Ina roƙonka, sanyin zuciyata, kada ka saurare shi. Mutanen nan suna iya yafe tarar kamun kifi, amma ƙarya ba sa yafe ta. In suka gano, za su rufe maka ƙofa kai da 'yarmu, ni kuma in ci gaba da juya tsofaffin wasu a gadon asibiti, 'yata tana girma a cikin waya.

Ina kewarka, Jola, kewar da ba ta da kunya. Iska in ta taso daga teku a nan, gishirin jikinka nake shaƙa. Amma mijin da na aura nake jira, wanda ya faɗa wa mai gadi gaskiyar sunansa alhali yana iya gudu.

Inda suka tambaya, ka ce e. Inda suka bar fili don bayani, ka rubuta cewa matarka ce ta yi kwaɗayin ciki. In sun nemi shaida, tana nan tsaye kusa da kai da giɓin haƙoranta, da goshinka sak.

In sun ba da bizar, ina filin jirgi da rigar sanyinka. In sun hana, kwantiragina na ƙarewa zan tattara kayana in dawo. Ka shiga teku domina lokacin da aka hana, ba zai gagare ni in tsallako shi dominka ba.

Ka ɗaga wayata gobe.

Taka har ƙasa ta rufe min ido,
Zimkhitha, Maman Liyema