Wa'azin da Na Sayar

Skelderby, 3 ga Maris, 1868

Zuwa ga ƙanwata Tabitha,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara. Ya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya, sai gajiya.

Tsohon fastonmu ya rasu. Shekara ashirin da shida ina mataimakinsa, ni ne baftisma, ni ne binne matattu, shi kuwa sai farauta. Yanzu Sir Ralph Maudsley, mai ikon naɗa sabo, ya ce ni da wani saurayi, Mista Pennock, kowa ya yi wa'azi, sannan ya zaɓa. In na samu, matata Keziah za ta koma gidan fasto, ta rabu da ɗakin nan mai danshi da ke tayar mata da tari. Ban da wannan ba abin da nake so.

Ga wani abu da ban taɓa gaya miki ba. Na daɗe ina rubuta wa'azi ina aika wa wani kanti a Landan, ba suna. Su buga shi kamar rubutun hannu, su sayar wa fastocin da ba sa iya rubuta nasu. Da kuɗin muke sayen gawayi. Ki riƙe a ranki, kunya nake ji.

Yayanki,
Enoch

Skelderby, 24 ga Maris

Tabitha, ina gaishe ki, Allah ya sa sanyin nan bai taɓa ku ba.

Ban samu ba, Pennock aka naɗa. Na yi nawa da muryar nan tawa da ta dishe. Lahadin da ta biyo Pennock ya hau mumbari, yana buɗe baki na gane. Wa'azina ne na ɓatacciyar tunkiya, wanda na rubuta makon da muka binne ɗanmu. Ko kalma bai canza ba. Mata har da hawaye.

Keziah ta mintsine ni, ta ce, "Tashi ka faɗa mana!" Na kasa. In na tona shi, na tona kaina.

A bakin ƙofa Sir Ralph ya dafa kafaɗata. "Ka ji wa'azi, Garbutt! Kai kuwa in ka fara, karnukana ma sai sun yi hamma. Zauna ka koya wurin yaron nan."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Ban ma yi fushi ba, na gaji da yawa. Jiya takarda ta zo daga kantin. Wai wani sabon fasto a yankinmu ya yaba da aikina, yana son guda hamsin da biyu, na shekara cur. Keziah tana tari a ɗaki, gawayi ya kusa ƙarewa. Na fiƙe alƙalami, na riga na gama na farko.

Ki sa mu a addu'a.

Yayanki mai ƙaunarki,
Enoch Garbutt