Jitarka Ta Yi Tsatsa, Yaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewar yayanta, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, ya kuma sassauta maka aikin nan naka da ba ya ƙarewa. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna tana nan yadda ka santa, yau ta saki gobe ta riƙe. Kawu ya warke daga tarin da ya dame shi, har ya koma faɗa da kowa, ka kuwa san a wurinsa wannan ita ce alamar lafiya. Ni ina shago, ɗinki ya yi mini yawa, amma kwanakin nan hankalina ba ya kan keke. Jiya hannun riga na ɗinka a baibai, mai rigar tana zaune tana kallona. Shi ya sa na ce bari in rubuta maka, tunda a waya kullum sauri kake yi, maganar nan kuwa ba ta sauri ba ce.

Maganar jitarka ce, baƙar nan ta lantarki da ka rataye a bangon ɗakinka ranar da za ka tafi, ka ce a bar maka ita a nan, ba daɗewa za ka yi ba. To, Yaya, ta yi tsatsa. Na shiga ɗakin neman tsohon almakashi, ina ɗaga kai na gan ta. Tsirkiyoyin duk sun yi ja, na shafa ɗaya ta bar mini gari a yatsa. Ƙusoshin jikinta sun ci, kunnuwan nan da kake murɗawa in za ka saita murya wasu sun ƙi motsi, ramin da ake soka waya kuwa ya yi kore shar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne katakon yana ta ƙyalli, babu ƙura ko kaɗan. Na duba rufi, ba ya yoyo. Na shafa bango, a bushe yake. Na zargi damina, na zargi taga, har Kawu sai da na zarga a raina ba tare da wata hujja ba.

Ka san ni da gaggawa. Har na ɗauko soson ƙarfe na wankin tukunya zan hau ta da gurza, sai Allah ya taimake ka na tuna da Mai Rediyo, abokinka na bakin kasuwa da kuke kiɗa tare. Na naɗe ta a zani na kai masa da yamma. Da ya ga soson a hannuna sai da ya dafe kai. Ya ce da na goga, da garin ƙarfen ya bi ya manne wa maganaɗisun da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya, da sai dai wani labarin. Ya yanke tsirkiyoyin ya zubar, ya ce waɗannan ba su da gyara. Ya kwance ƙusoshin ya jiƙa su da mai a murfin gwangwani, ya rufe maganaɗisun da salatif, sannan ya shiga bin lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori, a hankali har na ƙosa da tsayuwa. Can ya ɗago ya tambaye ni wa yake sa mata ruwa. Na ce ba kowa. Ya nuna mini wani fari-fari da ya bushe a gindin ƙarafunan, ya ce wannan sabulu ne, danshin damina ba ya barin irin wannan, wani ne yake wanke ta, kuma ba yau ya fara ba.

Washegari ban yi sammakon shago ba kamar yadda na saba. Ina tsakar gida sai ga Inna ta fito da ƙaramar roba da ruwan kumfa da tsumma, tana jan ƙafa ta nufi ɗakinka. Na bi ta. Na same ta tsaye gaban ƙusar da babu komai a kai, ruwa yana ɗiga daga tsumman. Ba ta tambaye ni ina jitar take ba. Tambayata ta yi ko kai ne ka aiko a ɗauke maka ita. Sai a lokacin na gane abin da take nufi: in ka aika a kai maka jitarka, ke nan ba dawowa za ka yi ba. Na yi saurin ce mata tana wurin gyara, da ta nemi dalili kuma ban iya ƙarya ba, na ce mata ruwa da sabulu ne suka sa ta tsatsa. Ta ce tun ranar da ka tafi kowace safiya take goge ta, don ka tarar da ita fes. Da ta fara ganin jan nan, da yake idon ya yi rauni, ta ɗauka datti ne, sai ta ƙara sabulu. Ta juya ta zubar da ruwan a magudana, ta kife robar. Tun ranar ba ta sake taka ɗakinka ba, kuma wannan ne yake hana ni sukuni.

Jitar ta dawo, kada ka tayar da hankalinka a kanta. Mai Rediyo da kansa ya kawo ta, da sababbin tsirkiyoyi da sabon ramin waya, kunnuwan suna juyawa sumul bayan ya ɗiga musu man keken ɗinkina. Wani tabo ya rage a ƙarfen gindin, ya ce ya riga ya ci, sai haƙuri. Ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya ce mata da ba don ita ba da ƙura ta cinye katakon, abin da ake so kawai a riƙa gogewa da busasshen ƙyalle, a ajiye ta cikin akwatinta tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Da zai tashi kuma bakinsa ya suɓuce, ya ce gaskiya duk wannan jinkiri ne kawai, jitar da ba a kaɗawa sai ta sake tsatsa, hannun mai ita take so. Na harare shi, amma Inna ta riga ta ji. Bayan ya fita na yanko mata ƙyalle mai laushi a cikin ragowar yadina, ta ƙi karɓa, ta ce hannunta ya yi isasshiyar ɓarna.

Yanzu da safe sai ta zauna bakin ƙofa tana murza hannu, ta rasa abin yi da shi. Ni kuma ina shago ina tunaninta, ina gida ina jin haushinka, in na tuna wahalar da kake sha kuma in ji tausayinka. Abin da nake roƙonka, ka kira ta ranar da ba ka sauri. Kada ka ce mata ba komai ka wuce, ta san ba komai ɗinka. Ka ce kai ne kake so ta ci gaba da gogewa da busasshen ƙyallen, daga bakinka za ta karɓa. Sannan ka faɗa mata lokacin zuwanka na gaskiya, ko da nesa ne, ya fi wannan kwanan nan da kake ta ce mana shekara da shekaru.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce rigarta tana nan na ajiye. Ka shafa mini kan Gajere da Auta, waɗanda har yau a hoto kawai muka san su. Kawu yana gaishe ka, wai ka rage ƙiba. Na tambayi Inna saƙon da zan rubuta maka. Ta ce ita ba ta da saƙo, sai dai in rubuta maka abin da mai gyaran ya faɗa yadda ya faɗe shi, kada in rage: hannun mai ita take so. To, na rubuta.

Taka ƙanwa,
Tela