Tukwane Huɗu a Filin Ƙwallo

Mokhotlong, 14 ga Agusta

Zuwa ga matata Nthabeleng,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ɗinkin yana kamewa, jaririyarmu kuma tana kama nono sosai. Mu nan lafiya, sai kewarku. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, tafin hannuna ne ya ƙone.

Kin tambayi yadda aka kai ki asibiti a Maseru, tunda lokacin ba kya cikin hayyacinki. Na jinkirta amsa ne domin akwai abin da na ji kunyarsa a ciki.

Da jinin ya ƙi tsayawa, nas ta kira jirgi mai saukar ungulu. Ya iso da almuru, hayaƙin gobarar ciyawa ya cika kwarin. Matuƙin ya ce mini ta waya ba ya ganin filin ƙwallon makarantarmu, amma yana da na'urar da ke ganin zafi ko ta cikin hayaƙi. Yana son abu mai zafi a kowace kusurwa, ban da wuta, don iskar farfela za ta watsa ta cikin ciyawa. Mansa ba zai bar shi ya jira fiye da minti goma ba.

Shekara tara ina koyar da darasin zafi. Na tsaya riƙe da waya, ban tuna komai ba.

Mahaifiyarki ce ta ture ni ta ce, "Malamin kimiyya, matsa, ka tare mana hanya." Ta sa maƙwabta suka sauke tukwanen ƙarfe uku daga murhu, da tuwon masararsu a ciki. Ta huɗun ita ce baƙar tukunyarta, wadda na hana ta shigo da ita ɗakin girkinmu don kada ta ɓata bango. Ni na ɗauke ta da gefen bargona zuwa kusurwar gabas, a nan hannuna ya ƙone. Matuƙin ya ce ya ga huɗu, ya sauko.

Na rubuta masa wasiƙar godiya, ita ma nas na rubuta mata. Ta 'Mè mahaifiyarki ce ta gagare ni, sau uku ina tsara kalmomi ina fasawa. Jiya na wanke tukunyar da kaina, na ajiye ta kusa da murhun gas. Ta dube ta, ta ce, "Ntate maigida, bangonka fa?" Na ce bangon zai jure. Sai ta ƙara mini sukari a shayi.

Ki gaishe da jaririyar. Ku dawo mana lafiya.

Naki mijin,
Motlatsi